Roba Ba Ƙarfe Ba Ce: Nasiha Ga Masu Koyon Fentin Mota

Cikin duk ayyukan da ake kawo wa mai fentin mota, babu wanda ke yaudarar sabon hannu irin baƙar robar nan mai kaushi. Ina nufin bambar da kamfani bai fenta ba, da robar da ta zagaye bakin taya, da doguwar nan da ke kwance a jikin ƙofa, da bayan madubin gefe. Mai mota zai shigo gareji da Vibe ɗinsa, ko tsohuwar CR-V, ko Golf, robar ta sha rana ta koɗe ta yi furfura, ya ce so yake a fesa mata launin jikin motar, ta yi sumul tana sheƙi. Kai kuma ƙanena, da ka duba ka ga abin bai taka kara ya karya ba, sai ka ce masa ya dawo bayan la'asar. Da la'asar ɗin kuwa zai tarar an gama, har ya ƙara maka na shan ruwa. Sai an yi wata ɗaya ko biyu fentin zai ɗago daga gefe, wani yaro ya sa farce ya ja, ya biyo hannunsa har ƙarshen bamba. Ko kuma fentin ya zauna daram, amma kaushin da ka rantse ka binne ya sake leƙowa ta ƙarƙashin sheƙin.

Ba na ɗora wa iyayen gidanku laifi. Da yawansu a kan ƙarfe suka koyi sana'ar, kuma sun iya ta. Lokacin da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, bambar 504 ƙarfe ce mai ƙyalli, ba ruwan mai fenti da ita. In ta lanƙwashe fanalbita ya buge ta. A Turai kuwa tun 1972 Renault 5 ta fito da bambar roba, sauran kamfanoni suka bi sahu, har aka wayi gari motocin da ake shigo mana da su ta Kwatano da Legas gaba da baya duk roba ne. Kaya sun canza, amma jerin da ake koya wa yaro a gareji da yawa yana nan yadda yake: guga, fila, firaima, launi, kiliya. A kan ƙofa wannan daidai ne. A kan roba akwai matakai biyu ko uku da babu su a jerin, kuma a kansu aikin ya rataya.

Fara da kwance robar daga jikin motar. Na san akwai ganda, kuma maƙalan nan na roba suna karyewa, amma wanda ya liƙa jarida da salatif ya fesa a jikin mota ya bar bakin fenti a buɗe, kuma daga nan ɓarewa ke farawa. Da ka kwance, juya bayanta ka nemi tambari. Za ka ga haruffa tsakanin alamu biyu masu tsini: >PP<, ko >PP+EPDM<, ko >ABS<, wani lokaci >PUR<. Kamfani ya buga su ne don masu sake narka roba su san abin da ke hannunsu, kai kuma su ne za su gaya maka da wa kake kokawa.

Mafi yawan bamba da robar bakin taya PP ce, ko PP da aka gauraya da EPDM don ta yi taushi ta daina fashewa. Wani masanin sinadarai ɗan Italiya, Giulio Natta, shi ya gano yadda ake yin ta a 1954, har ya sami kyautar Nobel a 1963 tare da Bajamushe Karl Ziegler. Abin da ya sa masana'antu suka rungume ta shi ne kusan babu abin da ke kama ta. Da ita ake yin kwandon batirin mota, saboda ruwan batir da ke huda maka wando ba ya yi mata komai. To robar da ruwan batir bai ci ba, ina tinar da ke cikin fentinka za ta ci ta? Fenti yana riƙe abu ta hanya biyu: ko ya jiƙa fuskarsa ya shiga ƙananan ƙarzunansa ya kafe, ko tinarsa ta ɗan narka fuskar su haɗe. PP ta ƙi duka biyun. Zuba mata ruwa ka gani, dunƙulewa yake yi ya gangare kamar a kan ganyen gwaza. Fentin da aka fesa mata kai tsaye kwanciya kawai ya yi a kai, bai riƙe komai ba.

ABS ita kuma halinta daban. Tana karɓar fenti hannu bibbiyu, amma tina mai zafi tana yamutsa ta ko ta tsattsaga ta. Ita za ka fi tararwa a madubi da giril da murafun babur roba-roba masu launi. In tambarin ya goge, yanko ɗan ɓalli daga inda ba a gani ka jefa a kofin ruwa: PP tasowa take yi, ABS ta nutse. Sai dai PP da aka cika wa hoda don ta yi tauri ita ma tana iya nutsewa, saboda haka in kana shakka ka ɗauke ta a PP.

Shi kansa kaushin da dalilinsa. A jikin ƙarfen da ake zuba robar ake sassaƙa shi, da gangan. Roba in ta huce bayan zubi takan ɗan lotsa a inda bayanta ke da haƙarƙari ko mazaunin noti, kaushi kuma yana watsa haske yadda ido ba zai ga wannan ba, ya kuma rufe ƙarzunan yau da gobe. Ranar da ka mayar da ita sumul ka zuba kiliya, ka tuɓe mata wannan sutura, duk gargadar da ke ɓoye za ta fito fili. Don haka kafin ka faɗi kuɗi, bi ta da tafin hannu, ka ɗaga ta ka kalle ta a karkace.

Sai wanki, kuma a nan nake so ka gyara zama, domin mafi yawan aikin da ya lalace tun kafin a buɗe gwangwanin fenti ya lalace. Tambayi kanka abin da robar nan ta sha a tsawon shekarunta. Duk zuwa wurin wanki an mulke ta da folish ɗin taya don ta yi baƙi, kuma yawancin irin wannan folish akwai silikon a ciki. Dillalin da ya sayar da motar ya shafa mata abin da hannunsa ya kai gare shi, baƙin mai ne, man birki ne, har man gyaɗa. Duk wannan ya sauka cikin ramukan kaushin ya zauna. Silikon kuwa ɗan mitsitsi ya isa ya sa fenti ya riƙa gudu yana barin 'yan ramuka zagayayyu, waɗanda in ka ƙara feshi don ka rufe su sai su ƙara buɗe baki. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar samfefa kafin a wanke. Sai ta kwashi man ta cusa shi cikin sabon ƙarzun da take yi, ta kuma kai shi inda babu shi a da.

Ruwan ɗumi, omo, da burushi mai tauri irin na wankin takalmi. A bi kowane lungu gaba da baya, a ɗauraye, a sake. Sannan a shimfiɗa ta a rana awa ɗaya ko biyu, a kan abin da zai tallafe ta kada ta lanƙwashe, domin zafi yana fito da man da roba ta shanye. Kamfanonin fenti ma sukan ba da shawarar a gasa sabuwar roba a ɗaki mai zafin digiri 60 kimanin awa guda, don man da aka shafa wa ƙarfen zubi ya fito. Mu Allah ya hore mana rana kyauta. In ka ga wani wuri ya yi naso, sake wankewa. Daga nan a goge da maganin goge roba ko sifirit mai tsabta, da tsumma biyu: jiƙaƙƙe ya ɗago dattin, busasshe ya kwashe kafin ya bushe a wurin. Ban da fetur, ban da tina. Roba tana shan su ta riƙe, sai ka rufe ta da fenti su nemi hanyar fita su tayar maka da ƙuraje.

A kan samfefa masu sana'ar sun rabu biyu. Wasu sun ce a kankare kaushin kakaf har roba ta yi sumul kafin a sa komai. A kan ABS, da yake tana da tauri, hakan na yiwuwa, gari take bayarwa. A kan PP ni ban yarda da shi ba. Ɗora mata lamba 80 ka gani: gashi take yi, wasu siraran zaruruwa su miƙe tsaye, kuma duk firaimar da ka zuba sai sun leƙo ta cikinta. In da inji ne abin ya fi muni, don zafin gugar yana narka fuskar, ta dunƙule a jikin samfefa ta ja maka layuka. Abin da nake so ka yi ya fi wannan sauƙi, sai dai ya fi cin lokaci. Da lamba 240, da hannu, da ruwa, ka sauke kawunan tudun kawai, ka bi da 320 ka kashe sawun ta farko. Rage zurfin da firaima za ta cike kake yi, sumul ɗin yana gaba. Sannan ka ɗauki soson ƙarza fenti, ja ko mai ruwan toka, ka bi ko'ina, don shi ke shiga kwarin da samfefa ke tsallakewa. Duk inda ka hango ɗigon sheƙi, wurin bai ƙarzu ba, kuma nan fenti zai fara saki. Gefuna da lunguna sun fi ko'ina buƙata, su kuma aka fi yi wa ha'inci, saboda yatsa yana gajiya. In ka gama, sake wankewa, ka hura iska har ruwan da ya maƙale a kwari ya fita.

Sai firaimar roba, matakin da ba a gani, shi ya sa ake sace shi. Ruwa ce tsararo, kusan ba launi. In ta bushe ba za ka ce an sa wani abu ba, mai mota kuma ba zai taɓa tambayarka ita ba. Aikinta ɗaya ne. An haɗa ta da wani sinadari ɗan'uwan PP, saboda haka tana kama roba, fenti kuma ya kama ta. Ba ta cike rami, kada ka ɗora mata aikin da ba nata ba. Shafi ɗaya siriri, ko biyu in gwangwanin ya ce biyu. Wanda ya tula ta wai don ta fi kamawa ya sa shimfiɗa mai rauni ne a ƙarƙashin duk aikinsa. Tana kuma da wa'adi: akasari minti goma zuwa sha biyar ta sha iska, sannan a ɗora abin da ke biye. In ka fesa ta ka tafi cin abinci ka zarce hira, ka dawo ƙura ta hau, sai dai a sake. Karanta gwangwanin. In Turancin ko Faransancin ya fi ƙarfinka, ba abin kunya ba ne ka ɗauki hotonsa a waya ka kai wa wanda zai karanta maka, don kowane kamfani da nasa lokacin da nasa awon.

Abin da ke binne kaushi shi ne firaima mai kauri ta 2K, wadda ake haɗawa da hadina. Bambancinta da mai arha ta 1K ina so ka fahimce shi sosai. Ta 1K bushewa kawai take yi: tina ta fita, abin da ya rage ya zauna. Tinar kuwa ba ta gama fita a rana ɗaya, takan ɗauki makonni, kuma tana fita firaimar tana motsewa. A kan tudu shafin siriri ne, motsewarsa kaɗan. A cikin kwari ya yi kauri, motsewarsa da yawa. Ka goge ya yi sumul yau, bayan wata guda kwari ya sake faɗawa, zanen kaushi ya dawo. Ta 2K kuwa hadina ce ke ɗaure ta ta daskare, motsewarta kaɗan ce, kuma da wuri take gama yawancinta. Jar fotin nan da ake shafawa a toshe ƙananan ramuka ita ma 'yar gidan 1K ce, kada ka ce da ita za ka shafe bamba guda.

Akwai kuma maganar lanƙwasa. Bamba an yi ta ne ta lotsa ta dawo. A cunkoson Kano ko Zariya ɗan adaidaita zai goge ta, mai babur zai dafa ta. Roba tana buɗewa da zafi tana tsukewa da sanyi fiye da ƙarfe nesa ba kusa ba. Firaima in ta daskare tauri take yi, shi ya sa ake zuba mata sinadarin taushi gwargwadon abin da kamfani ya rubuta. Filar ƙarfe ba ta san lanƙwasa ba sam, ranar da aka dafa wurin za ta tsage ko ta faɗo; in akwai rami mai zurfi, filar roba za a nema. Haɗi kuma da kofin awo, ba da ido ba. Ƙara hadina gautsi yake jawowa, rage ta kuma ya bar firaima tana danƙo tana toshe samfefa. Shafi biyu ko uku, kowanne a jira ya daina sheƙin danshi kafin a ɗora na gaba. Sannan ka ajiye ta ta kwana. Sauri ya haifi nawa, kuma a wannan gaɓar yake haihuwa.

Washegari, kafin ka taɓa samfefa, ɗauki gwangwanin baƙin fenti na feshi, ka ja baya kaɗan, ka yi wa firaimar yayyafi sama-sama, ta yi ɗigo-ɗigo ba tare da ta rufe ba. Bari ya bushe. Naɗe lamba 400 a jikin soso mai tauri ko ɗan katako, ban da yatsu tsirara, don yatsu suna bin gargada su ƙara mata zurfi. Guga a gicciye, nan da can, da ruwa. Bayan 'yan shafe-shafe ka share ka duba. Tudu ya fita tas, baƙinsa ya tafi. Kwari kuwa yana nan da ɗigonsa, dubbai, a jere daidai da zanen kaushin da ke ƙasa. Ci gaba har ɗigon ƙarshe ya ɓace. Idonka zai ce maka ya yi tun da wuri, tafin hannunka ma zai goya masa baya. Baƙin nan ne kaɗai ba ya jin kunyarka. In ka fara hango roba ta ƙasa alhali ɗigo bai ƙare ba, dakata, firaimar ce ba ta isa ba. Wanke, busar, ɗan fesa firaimar roba a inda ya huje, ƙara shafi biyu, a sake kwana. Kaushi mai zurfi irin na robar bakin taya sau da yawa sai an yi masa zagaye biyu. Na uku ya fara yawa, don kauri in ya wuce kima shi ma tsagewa yake yi, komai sinadarin da ka zuba. In baƙin ya ƙare, bi da 600, sannan 800 in launin mai ƙyalƙyali ne, domin silba ba ta rufa wa sawun samfefa asiri.

Launi da kiliya ba zan tsaya a kansu ba, yadda kake yi a ƙofa haka ne a nan, sai dai kiliya ma tana son sinadarin taushi in robar mai lanƙwasa ce. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne ƙura. Roba in an goge ta da busasshen tsumma tana tara lantarki a jikinta, ta riƙa janyo ƙura da gashin tsumma daga iska. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska ta bushe ƙayau ga hazo, abin ya fi tsanani. Shafar ƙarshe ta zama da tsumma mai ɗan danshin maganin goge roba, a yayyafa wa ƙasa ruwa, a yi feshi da sassafe kafin iska ta tashi. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tina mai saurin fita tana bushewa tun a iska, fenti ya sauka yashi-yashi. Nemi mai jinkiri, kuma robar da ta gasu a rana bar ta ta huce a inuwa tukuna. Da damina, tsiyaye ruwan tankin kwamfaresa kowace safiya.

Ga abin da nake so ya zame maka ɗabi'a. Nemi fasasshiyar bamba, a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka ba za a rasa wadda za a ba ka a banza ko kusa da banza ba, ka yayyanka ta. Duk sabon kayan da ka saya, ko sabon haɗin da wani ya yi maka talla, gwada shi a kan ɓalli guda. Bayan mako ɗauki sabuwar reza ka ja layi shida a tsaye, shida a kwance, kusa da juna, har reza ta taɓa roba. Liƙa salatif mai ƙarfi, danne da babban yatsa, fizge. In 'yan gidajen sun zauna, haɗin ya kama. In sun biyo salatif, ka tsira da mutuncinka a kan ɓallin da ba na kowa ba. Irin wannan gwajin kamfanonin fenti ke yi a ɗakunan bincikensu. Yi guda biyu, ɗaya da firaimar roba ɗaya babu, ka bar su a kan rufin kwano wata guda, ka adana su.

Sai ƙirjinka. Hadinar 2K tana ɗauke da sinadarin isosayanet, kuma a ƙasashen da ake ƙididdigar cututtukan sana'a, irin su Birtaniya, masu fentin mota suna sahun gaba cikin waɗanda aiki ke jawo wa asma. Hazon da ya fi cutarwa ba a ganinsa, yana nan a iska bayan ka ajiye bindigar fenti, kuma in jiki ya riga ya tsane shi, ko kaɗan ka shaƙa numfashi sai ya sarƙe. Hankici ba ya tare shi, takunkumin korona ma haka. Madarar da ake sha bayan feshi ciki take tafiya, abin kuwa huhu ya shiga. Mafi inganci shi ne takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo. In bai samu ba, aƙalla mai gwangwanin gawayi biyu, wanda ya zauna a fuska ba kafa, ana canza gwangwanayen a kan kari. Kada ka wanke hannu da tina. Ƙananan yaran da ake aike kuma, kore su daga wurin in za ka fesa.

Ba kowace roba ce ta cancanci wannan wahala ba. Murfin jakar iska ta sitiyari ko ta dashbod kada ka ɗora masa firaima ko fila, an yi shi ne ya yage ta wani layi cikin ƙiftawar ido. Saman dashbod in ya yi sheƙi, hotonsa zai riƙa fitowa a gilashi ya dame direba da rana. Matakala da saman bambar baya, inda ake jan buhu, fenti ba ya daɗewa a nan ko wa ya fesa. Ƙananan idanun ribas da ke jikin bambar sababbin motoci fenti mai kauri yana kurumtar da su, wasu motocin kuma akwai rada a bayan robar, wadda fila ke rikitawa. Robar da rana ta cinye har kana kankara da farce tana zubo gari, sai an goge matacciyar fatar an kai ga mai rai, wani lokaci kuma babu mai ran.

Sau da yawa abin da mai mota ke so a zahiri shi ne robar ta daina furfura. Wannan aikin yini guda ne: wanki, ƙarza, firaimar roba, baƙin fenti marar sheƙi shafi biyu sirara, kaushin na nan yadda kamfani ya yi shi. A wurina ya fi kyau a kan motar aiki, ya kuma fi dabarar bi da wuta da wasu ke yi, wadda ke dawo da baƙi na ɗan lokaci ta bar robar da gautsi. In kuwa sumul ɗin yake so lallai, yi masa lissafi: wani sa'in irin motarsa akwai samfurin da ya zo da bamba mai santsi tun daga kamfani, kuma ta Beljiyam a kasuwa tana iya zuwa ƙasa da kuɗin firaima zagaye biyu da aikin kwana uku. Gaya masa kuma tun da wuri cewa launi a kan roba yakan ɗan bambanta da na ƙarfen da ke gefenta, ko da daga kofi ɗaya aka fesa, musamman silba.

Zai ce maka, “Haba Malam, ɗan wannan abin ne har kwana uku? Ga wani can ya ce yau-yau, kuma rabin kuɗinka.” Kada ka zagi wancan, kada kuma ka tsallake mataki don ka kamo farashinsa. Ɗauko ɓallayen gwajinka biyu ka miƙa masa, ka ce, “Ranka ya daɗe, lanƙwasa wannan, sannan ka lanƙwasa wannan.” Wani zai tafi duk da haka, kuma motarsa ce. Wanda ya tsaya, karɓi kuɗin kaya tun farko, don 2K in an haɗa ta da hadina ba ta komawa gwangwani.

Ranar ɗaurawa, tanadi sababbin maƙalai kafin ka fara, kada ka zo kana huda fuskar fenti da sukuru ko ɗaure ta da waya saboda tsohon maƙali ya karye. Shimfiɗa bargo a ƙasa, ku kama bamba ku biyu, a fara daga tsakiya a bi zuwa gefuna. Fentin 2K yakan bushe a hannu washegari, amma in ba gasa shi aka yi ba sai ya yi kusan mako kafin ya kai ƙarfinsa. Saboda haka gaya wa mai motar, ka gaya wa direbansa ma, don shi ke kai ta wanki: mako guda ba injin ruwa, wata guda ba folish, kuma ko bayan nan kada a kafa bakin injin a gefen robar.